Shekarar da Na Sa Kawu Bukar a Littafi

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗa tun a layin farko, don na san halina: in na bari labari ya yi nisa sai in fara yi wa kaina kwalliya, in jawo wannan uzuri in jawo wancan, kafin a farga na zama ni ne aka zalunta. Kawu Bukar, yayan mahaifiyata, bai taɓa cin amanar kowa ba. Ni na rubuta cewa ya ci, aka buga, aka karanta, aka yarda.

Daminar bana ce ta hana ni sakat. Tun da marka ta kama, kogin Gashuwa yake ta hawa. Kullum na bi ta gada sai in ga ya ƙara cinye wani abu: jiya gindin bishiya, yau rumfar masu banda. Mutanen ƙauye suna ta shigowa gari a amalanke da tabarmi da tukwane da awaki. Ina zaune a shagona na ɗinki, ƙafa tana kan keke, hankali ba ya wurin. Shekaranjiya na ɗinka wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga. In na zauna sai in tashi, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Warin ne ya fi damuna. Ruwan ambaliya yana da nasa wari, na laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa da geron da ya mutu a tsaye. Da iska ta kawo shi sai in tsinci kaina shekara ashirin da wani abu baya, a ƙauyen su mahaifiyata kusa da Dagona.

A Nguru aka haife ni. Dangin babana 'yan kasuwa ne da suka zo daga Haɗeja, mahaifiyata Hajara kuwa, Allah ya jiƙanta, 'yar masunta ce. Karatun boko ban yi nisa ba, a tsakiyar sakandare na tsaya aka kai ni koyon ɗinki. Amma ciwon rubutu ya kama ni tun da wuri. Akwai wani abokina Sale mai rumfar littattafai a kasuwar Nguru, yana sayarwa yana ba da haya. Duk abin da na rubuta shi nake fara kai wa. Wata rana ya gama karanta wani labarina, ya ajiye, ya ce:

"Habu, mutanenka ba sa gumi."

"Kamar yaya?"

"Tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya ji yunwa, ba wanda sauro ya ciza. Daga an hau bene sai an sauko bene. Kai bene nawa ka taɓa hawa?"

"Na taɓa hawa na asibiti."

"To ka gani. Kuma duk wanda ya buɗe baki, yaro da tsohuwa da ɓarawo, murya ɗaya gare su, kamar kowa ya haɗiyi limami. Ka rubuta abin da idonka ya gani mana."

Na ji haushi, na kwashe takarduna. Amma maganar ta zauna.

Shekarar da babana ya rasu, ɗinki ya tsaya mini cak a Nguru. Ga amarya, Yagana, da cikin fari. Kawu Bukar ya aiko cewa in zo in noma gonar mahaifiyata, tana nan ba wanda ya taɓa. Muka tafi da keken ɗinki a bayan mota, da buhun takarduna.

Ruwa ya makara a shekarar. Muka yi binne a jigawa, muka zuba gero a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Zafi irin wanda in ka taka yashi da rana sai ka yi rawa ba kiɗa. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su fito da bahuna, iska ta zo ta watsa shi. Da aka samu ruwa ɗaya gero ya tsiro, sai sama ta sake rufe bakinta, tsiron ya nannaɗe ya ƙone muna kallo. Muka sake shuka. Sannan ruwan ya zo, ba irin wanda muka roƙa ba. Kamar an fasa randa a kanmu. A wuni ana yi, a kwana ana yi, rana ba ta leƙowa balle kaya su bushe.

Duk da haka da hanyar ruwa a buɗe take da abin bai kai haka ba. Kacala ce ta cuce mu. Wata doguwar ciyawa ce ta ruwa, ta fi mutum tsayi, saiwarta a sarƙe kamar tabarma. In ta kama magudana sai ta toshe ta. Ruwan da ya kamata ya wuce ya shiga fadama sai ya dawo baya ya hau jigawa. Geronmu ya yi ciki, ana jiran ya fid da kai, ruwa ya zo ya tsaya masa a wuya. Ya yi ɗorawa, ya kwanta, ya fara wannan warin.

Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Daga nan ya koma kunu, kunun ma mai ganin ƙasan ƙwarya. Mata suka fara shiga ruwa da gora suna tsinko bado. Yagana 'yar gari ce, ba ta taɓa ganin ana cin bado ba, amma ta koyi shanya 'ya'yansa a gefen murhu da daka shi. Tafasa muka ci har harshe ya yi kore, ba ƙuli ba mai. Mutanen birni suna zaton in ruwa ya yi yawa kifi ya samu. Ba haka ba ne. In ruwa ya bazu kifi ma bazuwa yake yi cikin ciyawa, ka jefa koma ta dawo da ganye. Itace a jiƙe, Yagana ta yi ta fifita wuta ido yana hawaye. Katanga ta jiƙa ta zube, sai ka ji tim daga can wani gida, a tsaya a saurara ko za a ji kuka. Yunwa irin wannan ba a ciki kaɗai take ba. Tana gwiwa, tana kunne, tana sa ka ji haushin mai yi maka sallama.

Ƙauyen yana da wata al'ada da na tarar. Gidan Kawu Bukar yana kan tudu, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Duk kaka kowane gida yana kawo irinsa na wake da shinkafa, a ɗaure a buhu da alamarsa, a sa a babban rumbun Kawu. Ba a buɗewa sai ruwa ya janye an zo shuka a laka. Dalili kuwa sananne ne: mai jin yunwa ba ya gane iri, abinci kawai yake gani. Ban da iri, kowane gida yana zuba ɗan hatsi na gayya, wanda ake ciyar da masu yanke kacala. Kawu ya gaji riƙon rumbun daga mahaifinsa.

Gajere ne kakkaura. Hannunsa na hagu yatsa huɗu ne, lauje ya cire ƙaramin a wata gayya tun yana saurayi. Yana da magana ɗaya da kowa ya san shi da ita: "Ruwa ba ya jiran rago." Ba zan sake yin ƙarya ta ɗaya gefen ba, in mai da shi waliyyi. Bakin Kawu ya fi barkono. In ya yi maka faɗa sai ka kwana kana juyi.

Bulama, mai garin, ya sa aka yi shela: duk namiji baligi ya fito gayya. Da an idar da sallar asuba a shiga ruwa da lauje da adda. Ruwa har ƙirji, sanyi yana shiga ƙashi. A sunkuya a yanko kacala daga ƙasa, a finciko saiwar, a miƙa wa na baya, na baya ya miƙa wa na bakin gaɓa. Ganyenta yana yanka tafin hannu. Matsattsaku su liƙe a cinya, ba ka sani ba sai ka fito. Ƙafa ta yi fari fat ta fara tsagewa tsakanin yatsu. Saboda halin da ake ciki, dattawa suka ce ba za a dafa hatsin gayya a bakin ruwa ba. Duk Juma'a a auna wa wanda ya shiga ruwa ya kai gida, iyalinsa su samu.

Na shiga a kwanakin farko. Hannun tela ne da ni, nan da nan ya farfashe. Sai na ce zazzaɓi nake yi. In kwanta a ɗaki har maza su wuce, sannan in ɗauki biro da takarda in zagaya bayan gida gindin tsamiya, ina rubuta labarin wani saurayi mai mota. Daga inda nake ina jin ihun maza a ruwa in sun finciko babbar saiwa. Ina ji, ina rubutu.

Ranar Juma'a na yafa bargo na shiga layi. Kawu yana zaune bakin rumbu da kwanon awo. Da na iso ya ɗago kai.

"Ɗan Hajara, ya jiki?"

"Da sauƙi, Kawu."

"Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya juya shi ya duba. Tafin ya warke, yatsu duk tawada.

"Jama'a, ku zo ku ga sabon zazzaɓi. Shuɗi ne."

Aka fashe da dariya, dariyar mayunwata, wadda ba ta da daɗin ji. Ya sake hannuna ya ce, "Wanda ya noma takarda ya je ya tuƙa takarda. Matsa. Ruwa ba ya jiran rago."

Kunya ta rufe mini ido. Na ce to a ba ni buhun irin gonar mahaifiyata da aka ware mini a rumbu, ai haƙƙina ne, matata tana da ciki.

"Iri ba na ci ba ne. Ko Hajara ce ta dawo duniya ba zan buɗe mata ba."

Wannan ce ta soke ni. Na juya na tafi bargo yana jan laka.

Ga abin da ya biyo baya, wanda shi ne na ɓoye. Kafin magariba Iya Falmata, matar Kawu, ta shigo da kwano rufe da faifai. Ta ajiye gaban Yagana, ba ta dube ni ba ta ce, "Na mai ciki ne. Kai ma in ka sa hannu ba wanda ya gan ka." Kashegari ta sake kawowa. Haka kullum har ruwa ya janye. Kuma ba a ɓoye take yi ba. Zana ce kawai tsakanin gidajenmu, da kunnena nake jin Kawu yana cewa, "Kin kai wa yaran nan?" Daga rabonsa ne, wanda ya shiga ruwa da tsufansa ya samo. Na sani. Na ci. Har siɗe kwanon na yi.

A cikin wannan hali 'yar maƙwabcinmu Modu ta rasu, ƙaramar yarinya, amai da gudawa. Maƙabarta tana cikin ruwa, sai a kan tudu aka binne ta. Kawu ne ya haƙa kabarin, ruwan sama yana dukansa. Ina tsaye ina kallon hannun nan mai yatsa huɗu a kan ƙotar fartanya.

Ban koma gayya ba. Girman kai ya hana. Ba da ni aka buɗe magudanar ba, amma ina nan ranar da ruwa ya samu hanya ya fara gudu, mata suna guɗa. Sannu a hankali ƙasa ta fito. Aka buɗe rumbu, kowa ya ɗauki buhunsa da alamarsa, har da nawa, a ɗaure yadda aka sa shi. Muka bi laka muna soka wake. Waken nan ne ya fid da ƙauyen. Yagana ta haihu lafiya. Da na kwashe amfanin gonata na ɗauki keke da mata da jariri na koma Nguru, ko sallamar kirki ban yi wa Kawu ba.

A Nguru na zauna rubutu, abin ya zo kamar ruwan da aka buɗe wa hanya. Ban taɓa jin haka ba. Ban nemi kalma ba, ita take nemana. Na sa binnen, na sa geron da ya tsaya cikin ruwa, na sa bado da hayaƙin ɗanyen itace da matsattsaku. Na sa tsamiyar, na sa magudanar yadda take lanƙwasa bayan masallaci. Da Sale ya karanta kashin farko sai ya sosa ƙafa ya ce, "Yanzu ka zo, Habu. Wallahi har ƙaiƙayi nake ji."

Sai na zo kan mugu. Na yi wani tsoho mai riƙon rumbu na sa masa suna Baba Tanko. Sunan kaɗai na canza. Na bar masa gajartarsa, na bar masa "ruwa ba ya jiran rago", na bar masa yatsa huɗu. Sannan na ɗora masa abin da bai faru ba: wai yana sayar wa fatake irin mutane a kwalekwale, ya cika buhuna da ƙaiƙayi. Wai wani uba ya zo ya roƙe shi tafi ɗaya na hatsi ya hana, 'yarsa ta mutu. Jarumin labarin kuwa wani saurayi ne ɗan gari mai ilimi, shi ne farkon shiga ruwa, shi ne ƙarshen fita. A ƙarshe rumbu ya faɗo wa Baba Tanko ya mutu, saurayin ya yi wa jama'a dogon jawabi.

Na karanta wa Yagana tana shayar da yaro. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Ina kwanon Iya?"

"Wane kwano?"

"Wanda kake siɗewa."

"Labari ne, Yagana. In na sa kwanon ai mugun ya lalace."

"To ashe ba mugu ba ne."

"Ke ba ki san rubutu ba."

"Ban sani ba kam. Amma ka mayar masa da yatsansa, ko ka cire maganar ruwan nan."

Ban cire ba. Wurin da hannun nan mai yatsa huɗu yake share bakin kwanon awo ya fi ko'ina kyau a littafin, na kasa rabuwa da shi. Na ce a raina, wa yake karanta littafi a ƙauye? Na haɗa abin da na haɗa aka buga mini a Kano, Sale ya baza a rumfarsa, ya aika wasu Gashuwa.

Wani mai fataucin banda ne ya saya ya kai. Aka riƙa karantawa da la'asar gindin tsamiyar nan, maza suna gyaran koma. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda mutanenmu suke jin labari. In an ce wani sarki a wata ƙasa, sun san tatsuniya ce. Amma da suka ji tsamiyarsu, da magudanarsu, da shekarar da suka ci bado, sai suka ce wannan ai mu ne. Duk abin da za su iya tabbatarwa sun tarar gaskiya ne, ɗaya bayan ɗaya. Sai suka karɓi wanda ba za su iya tabbatarwa ba. "Ɗan ƙanwarsa ne fa ya rubuta. Zana ce tsakaninsu. In bai gani ba zai faɗa?" Wani ya tuna wai buhunsa ya yi masa sauƙin ɗauka a shekarar. Wani ya tuna wai ya taɓa ganin baƙon kwalekwale. Gaskiyar da na sha wahalar rubutawa ita ce ta goya ƙaryata ta kai ta har cikin gidajen mutane. Da labarin bene na rubuta, da ba wanda ya cutu.

Hadiza ce ta gaya mini, 'yar Kawu, taubashiyata. Tun muna yara ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, "bawana" take ce mini, in ce mata "baiwata". Ranar na gamu da ita a kasuwar Gashuwa, na taho da wasa a baki, sai ta ce:

"Sannu, malam marubuci."

Ta ce Modu ya daina gaida babanta. Ta ce da kaka ta zo gidaje da yawa ba su kawo iri ba, kowa ya riƙe nasa a ɗaki. Ta ce Bulama ya kira Baba, shi kuwa abin da ya ce kawai, "Ga rumbu nan, ku shiga ku duba." Aka duba ba a ga komai ba, amma magana ba ta mutu ba. Ta ce yara suna bin bayansa suna cewa Baba Tanko.

Na ce, "Hadiza, labari ne kawai fa."

Ta ce, "Eh. Mu ma ai labari ne." Ta ɗauki kayanta ta wuce.

Da a ranar na hau mota. Ban hau ba. Na ce bari ƙura ta lafa. Na ce in na je yanzu kamar na amsa laifi ne. Shekara ta bi shekara, al'adar rumbu ta mutu gaba ɗaya, na ji an ce a wata shekarar yunwa gidaje da dama sun cinye irinsu. Iya Falmata ta rasu, na aika gaisuwa ta bakin wani. Na sake rubuta littattafai kaɗan, duk ba su yi kyau ba. Mutanena suka koma ba sa gumi, don na zama ina tsoron in ƙura wa mutum ido. Daga baya na ajiye biro, muka dawo Gashuwa da zama. Yanzu yara a waya suke rubuta labari, su tura, in an yi ƙorafi su goge su gyara kafin la'asar. Nawa takarda ce. Gara ta daɗe da cinye ta, ko ni ba ni da kwafi. Sunan Tanko ne bai ciwu ba.

Makon jiya Yagana tana zuba mini abinci ta ce, "Kawu yana garin nan. Marka ta kayar masa da ɗaki, Hadiza ta ɗauko shi." Ta ajiye kwano ta rufe da faifai, ta fita.

Na yi kwanaki ina zagaya layin gidan Hadiza. In kai bakin ƙofa in wuce kamar mai neman wani gida. Har mai shayin layin ya fara tambayata ko na yi ɓatan kai ne. Ran nan dai na yi sallama.

Hadiza ta leƙo. Ita ma ta yi furfura. "A'a. Yau wace rana? Baba, ga mai littafi."

Yana zaune a tabarma a zaure, ya rame, idanun sun yi hazo. Hannun hagun yana kan gwiwarsa.

"Ɗan Hajara ne? Matso, ba na gani sosai. Ka yi furfura?"

"Na yi, Kawu."

"Madalla. Ashe kai ma ba a jira ka ba."

Na durƙusa na ce, "Kawu, na zo ne in nemi..."

"Dakata. Ni ban ji littafin nan ba. An kira ni in zo in ji, na ce ina da aiki. Amma an ce a ƙarshe rumbu ya faɗo mini."

"Haka ne."

"Rumbun da na gina da hannuna? Je ka duba, yana nan tsaye, ɗakina ne ya faɗi. Wannan ƙaryar ta fi ba ni haushi."

Hadiza ta yi dariya daga cikin gida, ta katse ta da sauri. Sai Kawu ya ce:

"Abin da ka zo faɗa, a zaure za ka faɗe shi? A zaure ka ɓata ni?"

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba:

"Ni tawa ta kusa ƙarewa, ko an kira ni Tanko ko Bukar kabari ɗaya ne. Amma jikokina ana ce musu jikokin Tanko. Modu yana nan da ransa, in ya hango ni hanya yake canzawa. Ranar Asabar akwai gayya, kacala ta sake toshewa. Ni dai na gaya maka akwai gayya."

Ranar Asabar muka tafi, mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, kwalekwale ya ƙarasa da mu. Kawu ya ce ƙafarsa ƙafata, mijin Hadiza ya riƙe shi har bakin gaɓa aka shimfiɗa masa buhu. Ƙauyen ya canza, ga rufin kwano, ga injinan ban ruwa an ɗora su a kan tudu, kowane saurayi da waya a leda a ɗaure a wuya. Kacala ce ba ta canza ba. Na ari lauje na tuɓe riga na shiga. Sanyin ya daki ƙirjina kamar jiya na bar shi. Samari suna ta dariya: "Baba tela, a hankali, wannan ba yadi ba ne." Kafin hantsi hannuna ya fashe a daidai inda ya fashe a wancan karon. Ban fita ba.

Da rana ta take aka fito hutu, aka kawo fura. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ake karanta littafin, amma duk sun san sunan Tanko. Modu yana gefe a zaune, ya tsufa, ya ba Kawu baya. Na miƙe tsaye, ruwa yana zuba daga wandona, matsattsaku ɗaya a ƙaurina ban cire ba. Na yi sallama da ƙarfi har aka ajiye ludayi. Na ce:

"Jama'a, ni ne Habu ɗan Hajara. Ni na rubuta Baba Tanko. Ruwan da ke cikin littafin nan gaskiya ne, yunwar gaskiya ce. Sayar da iri ƙarya ce. Ba kwalekwale, ba fatake, ba ƙaiƙayi a buhun kowa. Ni na ƙirƙira a ɗakina a Nguru, don an ba ni kunya a layin awo, kuma na cancanci kunyar. Saurayin nan mai fara shiga ruwa babu shi. Wanda yake akwai rago ne da ya yafa bargo ya ɓuya gindin tsamiya, ga shi a gabanku.

"Baba Modu, ba ka taɓa roƙon kowa hatsi an hana ka ba, kai ma ka sani. Ciwo ne ya ɗauki 'yarka, kuma mutumin nan da ka ba wa baya shi ya haƙa kabarinta cikin ruwan sama, ina tsaye ina kallo. Na ɗauki mutuwarta na yi wa labarina ado da ita. Ka yafe mini.

"Kawu, sunanka Bukar. Kullum kwano yana fitowa daga gidanka ya shigo nawa, daga rabonka, da saninka. Na ci, na siɗe, na zo rubutu na bar kwanon a waje. Na ɗauki hannun da ya ciyar da ni na liƙa wa ɓarawo. Ba ni da abin da zan mayar maka da shekarun nan. Na yi maka ƙarya a gaban jama'a, ga ni a gaban jama'a. Don Allah, Kawu, ka yafe mini."